Duromin Yaya

"Ranar Litinin zan tafi," in ji ta, ba ta ko dube ni ba.

Muna tsaye a ƙofar asibitin da take aiki, farar rigarta a naɗe a hannu. Wani asibiti ne a gari mai nisa ya ba ta aiki. Abokaina Nas suke kiranta, ni kuwa Sanyin Idona nake ce mata, amma ranar sunan ya ƙi fita daga bakina.

"Shekara biyu fa, ko fuskar Ummanka ban taɓa gani ba. Ban ce ka aure ni gobe ba... so nake in san akwai gidan da ake jirana."

Na roƙe ta ta ba ni Asabar kawai. Ta ce to, ta juya.

Ba laifinta ba ne. Tun da Yaya ya rasu a hatsarin mota Umma ta shige ɗaki ta saki labule. Duk ranar da na ɗauko zancen aure sai ta ce gidan da aka fitar da gawa bai shirya karɓar amarya ba. Ni kuma ba ni da bakin musu, don ban taɓa zama ɗan da ake alfahari da shi ba. A aji uku na bar makaranta, na yi wankin mota, na yi gyaran waya, duk na watsar. Yaya ne ya ja ni shagonsa na walda, ya ce ƙarfe ne kaɗai zai iya da taurin kaina.

Shi ne ya raba durom biyu, ya yi masa ƙafafu da ragar ƙarfe, ya kafa shi a bayan gida gindin gwaiba. Duk Asabar da la'asar abokai su cika wurin, ana gashin nama ana tsiya. Da awartakin aikinsa yake juya naman. In yankan farko ya gasu sai ya buga jikin duromin sau uku, Umma ta buɗe taga ta miƙo farantinta mai ɓallallen baki. Kafin nan ba mai sa komai a baki.

Bayan rasuwarsa ta ce kada wanda ya sake taɓa duromin. Na rufe shi da fallen kwano, ban ƙara bi ta wurin ba.

Duromin nan na yi niyyar kunnawa ranar Asabar. Ko ƙamshin ya fito da Umma, ko ta yi fushin da ba ta taɓa yi da ni ba.

Asabar na tashi daga shago da azahar, na biya kasuwa na sayo nama da gawayi. Dogo direba ya zo da kujerun roba, Wanzam ya zo da albasa da tumatir, Farfesa kuwa ya zo da bakinsa kawai, kamar yadda ya saba. Firamare ma bai gama ba, amma babu abin da bai sani ba a duniya.

Na ɗaga kwanon, na sa hannu in kwashe tsohuwar toka, na janye da sauri.

Tokar da ɗumi.

Na ce rana ce. Dogo ya ɗaga kai ya dubi inuwar gwaibar, ya dube ni. Na duba ƙusar da ake rataye awartakin, babu shi. Dole na ɗauko cokali mai yatsu daga kicin.

Wuta ta kama da ashana ɗaya, abin da ko Yaya bai taɓa yi ba. Kitse ya fara ɗiga a garwashi, sai wurin ya soma komawa yadda yake a da. Wanzam ya ce in na ƙona naman zai yi mini askin da Nas za ta gudu tun kafin Litinin. Farfesa ya shiga bayanin yadda ake gane naman rago daga tafiyarsa, Dogo ya ce a ba shi albasa ya toshe bakin. Na yi dariyar da na manta ina da ita.

Nas ta iso ta zauna a gefe, tana murmushi tana satar kallon tagar. Ita ce ta fara lura.

"Masoyi, dubi hayaƙin nan."

Babu iska, ko ganye ɗaya ba ya motsi a jikin gwaibar. Amma hayaƙin ya kwanta, ya miƙe siriri kamar an ja zare, har jikin tagar Umma. Na yi masa fifita da kwali, ya watse, ya sake haɗuwa ya koma can.

Hira ta mutu. Na juya yankan farko, ya yi ja, ya gasu. Na ja da baya in ɗauko tire.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Daga jikin duromin ƙarar ta fito. Hannuna na kan tire, su Dogo na zaune, mafi kusa a cikinsu ya kai taku huɗu. Wanzam ya fara salati a hankali.

Sai muka ji ƙarar sakata. Tagar da ta shekara biyu a rufe ta buɗe, labulen ya motsa, wani siririn hannu ya fito riƙe da faranti mai ɓallallen baki.

Duk muka sandare. Nas kaɗai ta miƙe, don ita ba ta san ma'anar bugun ba, tsohuwa kawai ta gani tana jiran abinci. Ta karɓi wuƙa a hannuna, ta cire kitsen, ta yayyanka naman ƙanana, ta je ta ɗan rusuna ta zuba a farantin.

Hannun ya ajiye farantin, ya kama nata.

"'Yar wa ce ke?"

"Baƙuwa ce, Umma."

"Wa ya ce miki ba na cin kitse?"

"Ba kowa. Na ga hannunki ne, na ce mai laushi zai fi."

Hannun ya saki nata, labulen ya koma. Can muka ji takun silifas, Umma ta fito bayan gida tana kare ido daga rana. Sai ranar na ga yadda ta rame. Na durƙusa in ba ta haƙuri, ta ce in tashi. Ta faɗa mana duk Asabar in na tafi shago takan fito ta kunna ɗan gawayi a ciki, ta zauna har ya mutu, don kawai ta ji warin hayaƙin.

Na saki ajiyar zuciya. Ashe tokar ke nan.

"Amma Auta," ta ce da ni, "da me ka buga? Bugunsa ne sak."

Na ce ba ni ba ne. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zaro abin da ta rufe da gefen mayafinta. Awartakin ne. Ta ce tun ranar da aka kai Yaya makwancinsa yake ƙarƙashin filonta.

Farfesa ya yi gyaran murya ya ce ai ƙarfe in ya ji zafi yakan yi ƙara, sananne ne. Karo na farko a rayuwarsa ba wanda ya yi masa gardama, shi ma bai ƙara ba.

Umma ta share ido, ta yi wa Yaya addu'a muka amsa. Ta miƙo mini awartakin, ta ce in juya naman kada ya ƙone. Sannan ta jawo kujera kusa da Nas, ta ɗauki yanka ɗaya ta ci, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

"'Yata, Asabar mai zuwa ki zo da wuri. Wannan yaron bai san gishiri ba."

Litinin ce ke tsakaninmu da wata Asabar. Nas ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a bayan hannunta, ta ɗago ta dube ni.

"Zan zo, Umma... da wuri zan zo."

Na juya ga duromin don kada su Dogo su ga idona. Hayaƙin ya bar tagar, yana tashi sama ta cikin rassan gwaibar.