Sai Lupe Ta Yi Magana

"Wato dai kin fasa zuwa?"

Lesieli ta runtse ido, waya manne a kunne. Semisi ne daga can birnin Auckland, saurayin da ta shekara biyu tana dakon ranar aurensu.

"Ban fasa ba, masoyi... cewa na yi mu ɗaga."

"Sau nawa ke nan? Na kama ɗaki, har labule na sa, Lesi! Mama ta gama saƙa tabarmar biki!"

Ta dubi Lupe, 'yar marigayiya yayarta, zaune ƙarƙashin tebur tana jera murafen kwalba. Saura wata biyu ta cika shekara uku, amma ko kalma ɗaya ba ta taɓa furtawa ba. In ƙishirwa ta kama ta, hannun mutum take ja zuwa famfo.

Wata goma sha ɗaya suka yi suna jiran a yi wa Lupe gwaji a Logan, garin da suke zaune, sai jiya aka kira su. Ma'aikaciyar wurin gwajin ta ce sai jinkirin yaro ya bayyana a fanni biyu ake ɗaukarsa. Na Lupe ya bayyana a magana da cuɗanya da yara. Lesieli ta fito ta rasa murna za ta yi ko kuka.

"Sun ba Lupe gurbi a makarantar yara ta musamman, kwana uku a mako. Amma da sharaɗi, sai muna zaune a yankin nan. Muna tashi, gurbin ya tafi."

"Nan ma ai akwai makarantu!"

"Akwai layi kuma. Sabon gwaji, sabon jira. Shekarun nan nata ba sa dawowa..."

"Nawa shekarun fa? Dawowa suke yi?"

Maganar ta soke ta. Hawaye ya zubo.

"To ka dawo mana, rabin raina..."

"In bar wa wa Baba? Tun da jikinsa ya shanye ni ke ɗaga shi, kin sani."

Ta sani. Ya ja numfashi ya ce ta kula da kanta, ya kashe.

Wata biyar ba su yi magana ba. Kullum sai ta buɗe lambarsa a tashar bas bayan ta kai Lupe, ta kalla, ta mayar aljihu.

Wata Laraba tana tsefe wa yarinyar kai, Lupe ta waiwayo ta taɓa mata haɓa.

"Le...si."

Matajin ya faɗi. Ba ta san lokacin da ta kira shi ba.

"Semisi! Ta yi magana! Saurara... Lupe, sake faɗa, 'yar albarka!"

Lupe ta ƙura wa wayar ido, ta yi gum. Minti ɗaya, biyu.

"Yi haƙuri," in ji Lesieli cikin kuka. "Bari in kashe, kana wajen aiki."

"Kar ki kashe," in ji Semisi. "Bar ta a kunnena... zan jira."