Hoton Gonar Inabi

Furera, ke kika nemi ɓata wa Umaima aure, kuma ba zan yi shiru ba don an riga an ɗaura.

Ban yi boko ba, amma ni na raini yarinyar nan tun rasuwar ƙanwata, har ta zama nas. Bara ƙawayenta na asibiti, Becky da Constance, suka ɗauki hutun kwana uku za su zaga gonakin inabi na Virginia, su ci kasuwar manoma, su ɗanɗana giya. Suka roƙe ta ta tuƙa su, tunda ita ba ta sha. Na yi faɗa har na gaji, ƙarshe na ce ta je ta sayo mini zuma.

A gona ta biyu suka shige ciki, ita ta zauna a benci da makullin mota a hannu. Ga wani saurayi a ɗaya gefen, shi ma da makulli, yana cin tuffa. Ya dubi ɗankwalinta ya yi sallama. Haidar ne, injiniya daga Germantown, shi ma 'yan ofishinsu sun mai da shi direba. Ya miƙo mata tuffa, ta ce ba ta cin abin baƙo. Ya ce ai direba ba ya zama baƙon direba.

Da yamma ya turo mata saƙo: "Direbata, gobe wace kasuwa za ku?"

"Wadda babu kai."

"To can zan kwana ina jira."

Bayan wata shida maganar aure ta taso, iyayensa a Kano suka ce a yi bincike, aka ɗora miki tunda kina nan kusa da mu a Gaithersburg. Ba ki tako gidana a Hyattsville ba. Ba ki tambayi limaminmu ba. Shafin Becky na intanet kika shiga, kika tsinto hoton Umaima riƙe da kofin giya, kika tura wa uwarsa, kika kuma watsa wa matan masallaci.

Uwar ta ce a fasa. Sati biyu yarinyar nan ba ta iya zama wuri ɗaya, ta ɗora tukunya ta manta da ita. Ta rubuta masa: "Haidar, ka bi maganar Mama. Ba zan shiga gidan da ake mini kallon mashayiya ba."

Ya amsa: "Ki buɗe ƙofa, sanyin idona, ina waje."

A gabana ya kira uwarsa. "Mama, ni na ɗauki hoton nan. Kofin ƙawarta ne, ta riƙe mata tana ɗaure takalmi. In zuwa wurin laifi ne, ai ina tsaye a gabanta."

Sai matar ta ce a ba ta Umaima su gaisa.

Asabar ɗin da ta wuce aka ɗaura. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya tsare su daga bakin mutane.

Amma hoton yana nan a wayoyin mata, har yanzu ana nuna ta da baki. Kuma kin ga Haidar a gonar a hoto na gaba, Furera, kika tsallake shi don namiji ne. Ranar Juma'a ina ɓangaren mata bayan salla. Ki zo ki tsaya gaban waɗanda kika tura wa, ki faɗa musu abin da ya sa kika tura ɗaya kika ɓoye ɗaya.