Gidan Soso

A shagon tamfol na Alhaji Dawuda, cikin kasuwar Garwa, Ilyasu ya fara ganin Halime. Ya zo taya tamfol, bai saya ba, amma ya tafi da lambar 'yar mai shago.

Gida yake ginawa da kansa a hanyar Pitowa, ba da bulo ba, da wasu alluna daga Duwala: katako ciki da waje, farin soso a tsakiya mai tare zafi. Magina sun ce ba su iya ba, suka watse suka bar shi.

Da maganar aure ta taso, Alhaji ya je ya ƙwanƙwasa bangon da zobensa, ya ji ƙara kamar ganga.

"'Yata ba kifi ba ce da za a sa ta a firji," in ji shi. "Hamadu ma yana nema, gidansa na siminti ne. In wannan ya ga ƙarshen damina a tsaye, ka dawo. In ba haka ba, kar in ƙara ganinka."

Ga shi allunan ba sa shiri da ruwa, in ya shiga bakinsu kumbura suke yi. Kwanon rufi kuwa ya maƙale a hanya.

Ranar da hadari ya haɗo, saƙon Ilyasu ya shigo wayar Halime: "Hasken idona, kwano bai iso ba. In ruwan nan ya sauka, na rasa gida, na rasa ki."

Ta amsa: "Nawan, hau sama ka jira ni."

Alhaji na sallar la'asar ta loda sababbin tamfol da igiya a bayan ɗan mashin, suka nufi gidan Ilyasu. Ko allura ba ta taɓa ɗauka a shagon ba.

Da Alhaji ya idar da salla, ya biyo sahu a fusace. Ya tarar iska na fizgar tamfol, Ilyasu na kici-kicin ɗaure igiya. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka kan ƙullin. Mutumin da ya tsufa a sana'ar tamfol, ina zai iya kallon ɗaurin banza?

"Ba haka ake yi ba, kai. Miƙo nan."

Suka gama ɗauri ruwa na dukansu. A ciki kuwa ko ɗigo bai taɓa allunan ba.

"Baba, ka yafe mini," in ji Halime.

Alhaji ya matse hularsa.

"Na jiƙe saboda gidan nan, 'yar wani ba za ta shige shi ba. Ilyasu, turo magabatanka."

Bayan damina aka ɗaura aure, gida na tsaye. Alhaji ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, amma a dawo masa da igiyarsa.