Hujin Tsakiyar Tauraro

Ranar da suka fara haɗuwa ko sallama ba a yi ba, da tsawa aka fara.

"Kai! Wa ya aike ka?"

Saurayin da ke kan tsani ya kusa faɗowa. Injiniya ake ce masa, shi kamfanin gini ya ɗora wa aikin kafa allunan katako a ɗakin sallar wani sabon asibiti. Allunan daga shagon Baba suka fito, dattijon da ya tsufa yana zana taurari masu sarƙe da juna da kamfas da rula, sannan ya sassaƙa su. Mai tsawar kuwa Auta ce, 'yarsa, ta zo duba aiki.

"Gyara nake yi," in ji Injiniya. "Kowane tauraro akwai ɗan huji a tsakiyarsa, shi ne na cike da garin katako da gam na goge. Ko godiya babu?"

"Godiya? Ka toshe wa aikin ubana ido, kana jiran godiya? Sauko, Mai Toshiya, kafin ka toshe ƙofar ma."

Hujin nan wurin da allurar kamfas ta tsaya ne, kuma Baba bai taɓa cike shi ba. Yakan ce duk da'ira daga ɗigo ɗaya take fitowa, duk layin da ya yi nisa can yake komawa, don mai sallah ya ɗaga ido ya tuna komai daga Ɗaya ya fito. Auta ta zazzage wa Injiniya wannan bayani cikin fushi, shi kuwa bawan Allah rabin hankalinsa na kan bayanin, rabi na kan mai yinsa.

Washegari saƙo ya shigo wayarta:

"Salam. Mai Toshiya ne. Na yi laifi, na kuma san na yi. A koya mini yadda ake fitar da tauraro daga ɗigo, ko da zagi ne zan jure."

Ta amsa: "Wanda ya ba ka lambata ya cuce ni. Sayi kamfas tukuna."

Ya saya. Kullum sai ya turo hoton abin da ya zana, kullum sai ta ce ko ɗan firamare ya fi shi. Ya sa mata suna Tsawa, ta ce ba ta so, amma ranar da bai turo komai ba ita ta fara tambaya ko hannun ne ya karye. Haka so ya shige su ana cikin faɗa.

Da manyansa suka zo neman aurenta, Baba ko ruwa bai bari an kawo musu ba.

"Wanda ya ga aikina ya ɗauka kuskure ne, shi zan ba 'yata? Gobe ya ga wani abu a halinta ya cike shi da gam? Ku tashi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Mai hura wutar kuwa Dogo ne, ɗan wan Baba, wanda ke kula da shagon. Ya daɗe yana lissafin Auta da shago duka nasa ne. Shi ya zo da labarin an ga Injiniya yana ɗaukar hoton allunan yana sa su a kwamfuta, wai zai ba inji ya riƙa yanka su kamar biskit.

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta rubuta:

"Ashe zanen ubana kake nema, ni tsani ce. Kada ka sake kirana."

Amsa ta zo nan take: "Tsawata, wallahi koyo nake. Na sa su a kwamfuta ne don in gane inda nake kuskure. Akwai abin da na gani a ciki, amma ba zan faɗa ba, ko ke ba zan faɗa wa ba."

"To riƙe abinka," ta rubuta, ta kife wayar, ta yi kuka mai isarta.

Mama, mahaifiyarta, ita ce ta gaji da ganin kumburarrun idanu. Ta tare Baba ta ce, "Malam, ka hana auren, ka kuma hana yarinya cin abinci. In ƙi za ka yi, ka ƙi da hujja."

"To," in ji Baba. "Ya je ya buɗe abin da ya toshe, a gabana, ba na'ura. Ya ɓata mini ko ɗaya, kada in ƙara jin sunansa."

Aka haɗu a ɗakin sallar da hantsi. Baba na kan kujera fuska a murtuke, Auta na bakin ƙofa ta ƙi kallon kowa, Dogo na ta murmushin mugunta. Injiniya ya hau tsani da kamfas da rula da 'yar allura. Ya ja layi daga tsini zuwa tsini, inda suka haɗu ya soka, garin katako ya zubo, tsohon huji ya bayyana. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Saura allon ƙarshe, wanda Baba ya yi bayan ya tashi daga wata jinya. Dogo ya gyara murya.

"Injiniya, kafin ka taɓa wannan, faɗa wa Baba abin da kwamfutarka ta ce a kansa mana. Ai ku masu ilimi ba kwa ɓoye gaskiya."

Dogo ya san tauraron ya karkace, don yana shagon ranar da hannun tsohon ya yi rawa. In Injiniya ya faɗa, ya kunyata Baba a gaban 'yarsa. In ya bi rula, zai huda inda babu huji, ya ɓata allon.

Injiniya bai ko waiwaye shi ba. Ya ajiye kamfas da rula, ya shafa katakon da ɗan yatsa a hankali har ya ji inda gam ya fi santsi, gefe kaɗan da inda ya kamata. Nan ya soka, gari ya zubo.

"Na gama, Baba."

Tsohon ya tashi ya zo gindin tsanin, ya daɗe yana kallon sama.

"Ka san ya karkace."

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ka faɗa? Ga shi har an roƙe ka."

"Abin da na toshe na zo buɗewa. Na taɓa yi wa aikinka gyara sau ɗaya, na ga abin da ya jawo mini."

Sai a lokacin Auta ta gane abin da ya ƙi gaya mata, kunya da so suka taru suka rufe ta. Baba ya juya ga Dogo.

"Kai da na raina da hannuna, kai ka so a tona ni. Fita ka ba ni wuri."

Sannan ya zaro tsohon kamfas ɗinsa daga aljihu, ya miƙa wa Injiniya. A karon farko bai ɓoye hannun ba, ya bar kowa ya ga yadda yake rawa.

"Riƙe. Hannunka ɗanye ne, zanenka kuma abin dariya. Amma ka zo shago, ka kuma ce wa manyanka su dawo, wannan karon za a ba su ruwa."

Kafin Injiniya ya kai mota saƙo ya shigo wayarsa:

"Mai Toshiyata, ka yafe mini. Amma ka sani layinka na biyu bai miƙe ba."

Ya amsa: "Na yafe, Tsawata. Ga rayuwa guda a gabanki, ki yi ta gyara ni."

Ranar ɗaurin aure Baba ya kawo musu ƙaramin allo, na ƙarshe da ya iya sassaƙawa, tauraro ɗaya a ɗan karkace da hujinsa a tsakiya. Ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. In kun ga karkata a junanku ku rufa wa juna asiri, yadda yaron nan ya rufa mini."

Suka ce amin, Auta na share hawaye. Allon yana nan rataye a falonsu, kuma duk baƙon da ya ce a ɗan cike hujin nan, Injiniya ne ke riga matarsa yi masa tsawa.