Zanen Rodi a Tafin Hannu

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto. An fasa kan wata Malama a ɗakin gwaje-gwajen kwaleji, an kwashe littattafan bincikenta na shekara shida. Tana asibiti, ba ta san inda kanta yake ba.

Ƙarƙashin tebur ya tsinci guntun rodi mai tsatsa, da jini a bakinsa. Ba a ɓalle ƙofa ba. Ransa ya ɓaci. Wannan aikin na gida ne.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da wancan tsohon," in ji Dakta, abokin aikin Malama, yana nuna dattijon da ke kula da kwalaben ɗakin. "Ni ina aji tun takwas. Ku tafi da shi mana, me kuke jira?"

"Ba kai za ka koya mini aikina ba."

Sufeto ya leƙa ajin. Ɗalibai suka ce sai tara da rabi Dakta ya shigo, yana ta gumi.

Da ya dawo, dattijon ya miƙo masa wata kwalba.

"Ranka ya daɗe, a kan wannan Malama ke aiki. Ƙwayar sinadarin nan kamar awartaki take. Da ta haɗu da ƙwayar ƙarfe sai ta cafke ta, uku a kan ɗaya, ruwan ya koma ja. Wanda ya damƙi rodi da gumi, ƙarfen ya narke a fatarsa. In an fesa masa wannan, hannunsa zai yi ja. A fara da ni."

Aka fesa wa dattijo. Babu komai.

"Kawo hannunka, Dakta."

"Ka san ko ni waye? Ina da digiri uku!"

"Hannu ɗaya nake nema."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya riƙe shi, aka fesa. Jajayen layuka suka fito a tafinsa, daidai da zanen rodin.

Dakta ya zube kan kujera.

"Ni na fara kawo tunanin nan! Ta cire sunana daga binciken, ta ce ban taɓa wanke ko kwalba ba. Littattafan suna but ɗin motata."

"Saboda suna ka kusa kashe uwar 'ya'ya huɗu?" Sufeto ya juya ga Kofur. "Sa masa ankwa. Ta gaban ajinsa za mu bi."