Gidan Hutu a Lushoto

Syombua ta sauko daga motar hayar garin Mombo, ko ƙurar jikinta ba ta kakkaɓe ba ta nufi saurayin da ke jingine da wata tsohuwar Land Rover.

"Kai ne Elias? Gida uku zan gani yau. Mu tafi."

Ya yi murmushi. "Lafiya lau, na gode. Mutanen gida ma kalau. Ya hanya?"

"Ni ban tambaye ka ba."

"Na sani. Ku 'yan Nairobi gaisuwa nauyi take muku, shi ya sa na ɗauke miki."

Ta so ta haɗe rai, dariya ta ƙwace mata.

Mahaifinta, Mzee Mutiso, ya ajiye aikin jirgin ƙasa da ciwon ƙirji. Likita ya ce hayaƙin Nairobi zai ƙarasa shi. Shi ne ya turo ta ƙetaren iyaka, ta nemo masa gidan da zai kama haya ta shekaru a tsaunukan Lushoto, inda iska take da sanyi.

Gida na farko duk gilashi ne, can a ƙolin dutse. Kelvin ne ya zaɓa, ɗan aminin babanta, dillalin gidaje, wanda ya daɗe yana nemanta.

"Ya yi kyau a hoto," in ji Elias. "Amma in damina ta sauka, hanyar nan ko jaki sai ya yi shawara."

Na biyu na mahaifiyar Elias ne. Syombua ta so shi ƙwarai, sai ya girgiza kai.

"Matakala saba'in. Mai ciwon ƙirji ba zai iya ba. Kar dai Mama ta ji na faɗa."

Ta daɗe tana kallonsa. A garinsu ba ta taɓa ganin wanda ya kushe hajarsa ba.

Na uku ƙaramin gidan jan bulo ne mai murhu a falo, kusa da asibiti. Mai gidan, Rehema, ta tarbi Elias da dungure masa kai, ta cika musu kwando da 'ya'yan itace.

Kwana uku Syombua ta yi niyya, sai da ta yi tara. Tana hanyar komawa saƙonsa ya shigo:

"'Yar gaggawa, kin manta gyalenki a mota. Ba zan aiko ba. Mai kaya ta zo da kanta."

Ta mayar masa: "Ɗan dutse, riƙe shi da kyau. Abin da na baro a can ya fi gyale."

Da Mzee Mutiso ya ji zancen soyayyarta da Elias, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Gida na aike ki nema, ba miji ba. Mai yawo da baƙi? Ga Kelvin, mun san asalinsa."

Kelvin kuwa ya samu ƙofa. "Syo, ba ki gane ba? Rehemar nan ita zai aura. Kasuwar budurwarsa yake yi miki."

Ta tuna yadda matar ta dungure masa kai, zuciyarta ta yi zafi. Ta daina ɗaukar kiran Elias. Saƙo ɗaya ya turo:

"Ban san laifina ba, masoyiya. Amma ko kin daina kula ni, kar ki kai Baba saman dutsen nan da damina."

Ba ta amsa ba. Mzee ya kama gidan gilashi, suka tare a watan Afrilu.

Sati biyu ana sheƙa ruwa. Wata safiya numfashin Mzee ya sarƙe, ga hanya ta zabtare. Ta kira Kelvin, ya ce zai bincika daga ofis. Sai ta kira lambar da ta yi wata biyu tana gudu.

"Ki zaunar da shi, kar ya kwanta. Ga ni nan."

Elias ya hauro da maza biyar, laka har gwiwa. Suka ɗora Mzee a kujera, suka sauko da shi a kafaɗa har inda motarsa ta tsaya.

A asibiti sai ga Rehema da kunu a flas, goye da jariri.

"Ina ƙanin mijin nawa? Tun jiya bai ci komai ba."

Syombua ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta sami Elias a baranda yana kankare lakar takalmi.

"An ce mini ita za ka aura."

"Matar yayana? So kike a kore ni daga dangi?" Ya ɗago, babu wasa a idonsa. "Da kin tambaye ni."

"Na yi kuskure, Elias. Ka yafe mini."

"Ni ke nake so. Tun ranar da kika sauko daga mota."

Da Mzee ya samu sauƙi, ya sa aka kira shi. Elias ya rusuna ya gaishe shi.

"Yaro, na raina ka, kai kuma ka ɗauke ni a kafaɗarka. Ka turo manyanka garinmu, Machakos. Amma ka sani, mu 'yan ƙabilar Kamba ba ma sauraron mai neman aure sai mun ga awaki."

"Baba, ko a kaina zan ɗauko su."

Jami'an iyaka suka hana awakin wucewa, dole kawunnan Elias suka sayi wasu a kasuwar Machakos, ana ta yi musu tsiya. An ɗaura auren a cocin Lushoto, motoci biyu cike da dangin amarya suka hauro dutse da waƙa.

Mzee Mutiso ya miƙe ba tare da sanda ba, ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Syombua 'yata, ki riƙe shi. Elias ɗana, ka riƙe ta. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya ba ni numfashin da zan goya jikokina."

Jama'a suka amsa da amin, guɗa ta tashi. Elias ya matse hannun amaryarsa, ita ma ta matse nasa.