Rumbun Gabas na Gidan Arzika

Magariba ta kawo jiki a 'Yandoto, kaji sun shige akurki, Hanatu tana tuƙa tuwo, sai ga dutse tim a gindin murhu. Mijinta Arzika ya ɗaga kai daga alwala. Babu kowa bisa katanga. Na biyu ya fasa randa. Daga rumbun gabas suke fitowa.

A gidan nan ba a tara hatsi wuri guda. Tun kakanni raba damman gero ake yi a rumbuna, don in gobara ko gara ta ci ɗaya, sauran su riƙe gida. Na gabas ya tsage tun kafin a yanke Zamfara daga Sakkwato, aka toshe bakinsa. Bana da gona ta yi albarka, Arzika ya yaɓe shi ya mai da shi cikin 'yan'uwansa. Hanatu ta ce a share tsohon hatsin da ke ciki, a yi hayaƙi, a yi bisimilla tukuna. Ina! Mutumin naku kunnen ƙashi gare shi. Ya jibga sabo kan tsoho, ya kuma yi ta kwasa daga wannan zuwa wancan don su daidaita. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Kullum rana ta faɗi sai jifa. Sannan aka fara jin daka a cikin rumbun, ba turmi ba taɓarya. Ranar Laraba aka iske 'yarsu Bara'atu durƙushe a ƙarƙashinsa, tana tauna ruɓaɓɓen gero, idanu jawur. Tsoro ya kama Arzika. Ya hau keke sai Mada, ya ɗauko Malam Tajuddeen mai ruƙiyya.

Malam ya zauna kusa da kan Bara'atu, ya yi ta karatu har hasken yamma ya dushe. Can yarinyar ta yi dariya da muryar tsohuwa.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai ɗakin da wancan ƙazamin ya faɗo wa ba sallama. Kun yar, na ɗauka. Ya cuɗa nashi da nawa, ya watsa cikin rumbuna duka. Duk inda ƙwayata ta shiga nawa ne."

"Ki ji tsoron Allah. Ki riƙe na gabas, ki saki yarinya."

"Ban yarda ba! Duka, ko ɗiyatai. Shi zaɓa."

Malam ya ƙara karatu, aljanar ta yi ihu, amma Bara'atu ce ke shiɗewa, jini na bin hancinta. Ya dakata, ya juyo ya dubi Arzika.

Arzika ya dubi rumbunansa, abincin shekara guda, gumin damina. Wallahi yana son 'yarsa, amma bakinsa ya yi nauyi. Shirun ya yi tsawo, har Hanatu ta ɗora hannu a ka.

"Ta ɗauki hatsin," ya ce da ƙyar.

Iska ta kaɗa jinkar rumbunan, yarinyar ta yi atishawa ta lafe. Da aka leƙa rumbun farko, damman na nan a jere, amma kowace zangarniya ta zama ƙaiƙayi. Haka sauran.

Arzika ya tsuguna ya miƙa wa 'yarsa ruwa. Ta kau da kai.

"Baba," ta ce da muryarta ta gaskiya, "ina jin komai fa. Na ji lokacin da ka yi shiru."